Digar Baffa Sani da Ɗorawar Inna

Ranar wata Talata ce, a bazarar shekarar da na shiga aji huɗu, Baffa Sani ya sauka daga babur a bakin gonarmu da ke bayan Dakko, rataye da wata na'ura mai dogon hannu da faifai a ƙasa. Ƙanen mahaifina ne. Tun da aka yi sadakar bakwai ta Baba ba mu sake ganin ƙeyarsa ba, yana can ramukan zinari wajen Maradun. Ni da Inna muna gindin ɗorawa, tana kakkaɓo 'ya'yan da doguwar gora, ina tsincewa, bakina duk ya yi rawaya da garin. Ko gaisuwar kirki bai tsaya yi ba, ya hau yawo da faifan nan bisa ƙasa kamar mai shara.

Ɗorawar nan ita ce komai namu. Gonar ta gado ce, ba a raba ba, amma kowa ya san itacen na Inna ne. Da kalwarta take daddawa, ni kuma in ɗauka a faranti in zaga gari bayan an tashi daga makaranta. Ƙarƙashinta muke 'yar carafke da ƙawayena, can nake ɗaure akuya, can nake barcin rana idan zafi ya tsananta.

Da Baffa ya zo daidai gindin itacen sai na'urar ta ɗauki kuka. Idonsa ya yi ja. Ya koma ga babur ya kwance kayansa ya baje su a ƙasa: diga, shebur, gatari, da wani dogon dagi mai siririn baki. Inna ta dube su ɗaya bayan ɗaya, ta ɗauki dagin ta miƙa masa da hannu biyu. Ta ce, "Malam Sani, in dai sai ka tona, tona da wanga. Shina bi tsakanin saiwa, ba ya yanke ta." Har hauyarta ta ce za ta sa ta taya shi kwashe ƙasar a hankali. Ya yi wata dariya da har yau in na tuna raina ke ɓaci. Ya ce, "Mi mace ta sani ga aikin zinari? Gonar ubana ce." Ya ture dagin da ƙafa, ya ɗauki diga.

Wallahi na tsane shi a wannan rana, kuma ban daina ba. Ina tsaye ina jin yadda digar ke cin saiwa, ƙas, ƙas. Wadda ta gagari diga ya sa mata gatari. Duk sanda ya sa faifan ya ji kuka, sai ya ƙara faɗaɗa ramin, har ya kusa zagaye itacen. Inna ta je gari ta kira dattawa, suka zo suka ce a yi haƙuri, na gida ne. Haƙurin nan kullum mu ake ba shi.

Wajen la'asar ya kai ga abin da ke sa na'urar kuka. Tsofaffin ruwan hauya ne da na galma, sun ci tsatsa, tari guda. Ashe kakanmu ne ke binne waɗanda suka cinye a gindin itacen, yana tara su don ya kai wa maƙeri a narka, har ya rasu bai kai ba. Baffa ya yi tsaki, ya watsar da su, ya ɗaure kayansa ya tafi. Ramin ma mu ya bar wa. Muka yi ta turo ƙasa da hannu da hauya, Inna na lulluɓe yankakkun saiwoyin tana hawaye.

Damina ta zo, ganyen gefe ɗaya bai dawo ba. Bazara ta gaba jajayen furanninta ba su cika tafin hannu ba, wadda ta biyo kuwa itacen ya bushe ƙayau. Inna ta koma sayen kalwa a kasuwar Mafara, daga baya ta bar daddawar gaba ɗaya, ta shiga surfe da daka a gidajen mutane.

Yanzu duk inda ka bi za ka ga samari da irin na'urar nan a kafaɗa, gonaki sun cika da ramuka. Baffa Sani ya tsufa, bai sami ko ƙwaya ba, yana zaune a ƙofar gida yana jiran a gaishe shi. Ina gaishe shi don Inna ta ce in yi. Bara na je gonar, kututturen ma an tone an yi girki da shi, na tsaya ina neman inda zan fake wa rana na rasa. Kuma dagin nan yana kwance kusa da ƙafar Baffa a ranar da ya sare saiwoyin ɗorawar.