Shef ɗin da ya ce mu saki jiki

Shekaru da dama ke nan, ina aikin kwantara da wata ƙungiyar taimakon manoma a Dogon Dutsi. Duk wata shida ake sabunta takardata, kuma da ita nake ciyar da gida.

Sai aka kawo mana sabon shef, wato shugaban aiki, daga Yamai. Ran da ya iso ya tara mu ya ce, "Ni ba ni son ranka-ya-daɗe. Ku kira ni da sunana, ku shigo biro, ofishina ke nan, ba ƙwanƙwasawa, duk ɗaya muke." Kwano guda muke cin shinkafa da wake da shi, har ya sa mini suna Sarkin Surutu. Ni kuwa uban wawaye, na saki jiki har da zare takalmi a bironsa.

Da faɗuwar damina muka tafi taro Sukukutane tare da manyan baƙi daga Yamai. Gaban maigari da jama'a shef ya miƙe ya ce irin hatsi zai iso nan da sati uku. Alhali an yi ruwan shuka tun shekaranjiya! Manoma suka dubi juna. Sai na dafa kafaɗarsa kamar yadda muka saba, na kira sunansa, na ce, "Haba, kai ma dai! Sati uku? Ai lokacin hatsi ya kai noman fari." Kowa ya yi dariya, shi ma ya yi, har ya tafa mini.

Ƙarshen wata sakatariya ta miƙo mini wasiƙa: ba za a sabunta kwantarata ba, saboda rashin ladabi ga shugaba. Rashin ladabi! Wa ya koya mini? Ni da nake durƙusa wa ko yayan babana in mun haɗu a kasuwa?

Wallahi ba korar ce ta fi ƙona mini rai ba. Da tun farko ya ce a girmama shi, ai gadonmu ne, ba ya rage mu da komai. Amma ka buɗe wa mutum ƙofa da hannunka, in ya shigo ka ce ɓarawo ne?

Ranar na nufi bironsa da wasiƙar a hannu, in ji daga bakinsa. Sakatariya ta tare ƙofa, ta kasa ko duban idona.

Ta ce, "Yi haƙuri, malam. Mai girma darakta ba ya ganin kowa sai da randebu, sai an ba ka rana."