Rigar Don Eusebio Mai Lamba Uku

Don Eusebio Albarracín bakanike ne a garinmu, nan lardin Tucumán, amma an fi saninsa da wata riga koriya mai lamba uku, wadda kafaɗarta ta hagu ta yage. Da ita ya buga wa kulob ɗinmu ƙwallon ragbi shekarar da muka ci kofi, tun kunnuwansa ba su gama murɗewa da gwagwarmayar wasan ba.

Duk shekara kulob na shirya walimar rana don tara wa ƙungiyar yara kuɗi. Don Eusebio ne mai tuƙa lokro, faten masara da kabewa da nama, a tukunyar da za ta haɗiye mutum. In an ƙoshi, sai Cacho mahauci ya hau kujera ya yi gwanjon rigar. Wanda ya saya zai biya, ya ɗaga ta sama, sannan ya taka har bakin tukunya ya mayar wa mai ita. Haka muka taso muka gani, ba a taɓa gaya wa kowa ba. Shi kuwa Don Eusebio ya sha faɗa wa matarsa Nélida cewa da ita za a binne shi.

"Kai tsoho, wannan tsumman ko kare ba zai kwanta a kai ba!" in ji Cacho.

"Tsumman nan ya fi shagonka ciniki, sarkin ƙashi," in ji Don Eusebio.

Bara wani baƙo, Lisandro Ferreyra, ya sayi gonar lemun tsami a bayan gari, 'ya'yansa suka shiga kulob. Mutumin kirki ne, ba ruwansa. Ya ji ana neman motar kai yara gasa a Salta, sai ranar walima ya yi ta taya rigar har kowa ya saduda. Aka tafa masa. Ya ninke ta, ya tura a jaka, ya ci gaba da cin abincinsa.

Cacho ya buɗe baki zai yi magana, Don Eusebio ya nuna shi da muciya.

"Yi min shiru. Mutum ya biya wa yara mota, sai a bi shi a ƙwace? Bar shi, baɗi zai gane."

Yara suka je Salta, suka sha kashi, suka dawo suna waƙa. Ferreyra ya sa rigar a gilashi ya rataye a ofis. Don Eusebio bai kai baɗin ba, zuciyarsa ta tsaya a lokacin sanyi. Nélida ta sa masa farar rigar zuwa coci. Ni dai ban so ganinsa a cikinta ba, kamar wani magatakarda.

A maƙabarta Ferreyra ya ji labarin a bakin tsofaffin 'yan wasa.

"Haba jama'a! Me ya hana ku gaya min?"

Ya figi mota. Kafin ya dawo da gilashin a hammata, an riga an rufe kabarin.

Bana shi ya kawo rigar wurin walima da kansa. Cacho ya yi gwanjo, ya taya, ya sayar wa kansa. Ya sauko daga kujera ya nufi tukunya, sai da ya isa ya tsaya turus. Nélida ce riƙe da muciya.

"Ga ta, Doña Nélida."

Ba ta daina tuƙi ba.

"Ajiye can, Cacho, hannuna da maiƙo. Ninke ta da kyau. Baɗi ma yara za su nemi mota."