Ajamin da Ke Gefen Littafin Kiɗa

A shekarata ta biyar ina koyar da addini a wata makaranta kusa da unguwar Karama a Dubai, aka kawo mana wani saurayi ɗan Zariya. Ɗalibin koyarwa ne, kiɗa yake karantawa, an turo shi gwajin aiki na zango ɗaya. Sai makaranta ta sa masa hannu zai samu takardarsa, bizarsa kuma a kan karatun take rataye.

Da farko murna na yi, na samu mai jin Hausa a ɗakin malamai. Amma ba ya sakin jiki. In na tsokane shi da maganar aure, sai ya yi dariya ya koma zancen zafin gari. In wayarsa ta yi ƙara, sai ya fice har bakin titi. Ajinsa kuwa bai taɓa rufe ƙofarsa ba, kamar mai son kowa ya zama shaida. Na fara zarginsa, ban ma san da me ba.

Wata Laraba mataimakiyar shugaban makaranta, Balarabiya, ta kira ni ofis. Ta tsinci littafinsa a kan fiyano. Gefen kowane shafi cike yake da rubutu, haruffan Larabci ne amma ta kasa karanta ko kalma ɗaya. Ta ce tana tsoron ko wani abu ne da ya shafi yara.

Ajami ne. Ya ɗauka a Dubai babu mai karanta shi, don Balarabe ya san harafin bai san harshen ba. Ni ya manta da ni.

A tsaye na karanta. Wasiƙu ne da bai aika ba, zuwa ga wani namiji a Kaduna, wanda yake so irin son da ba a faɗa a gida, balle a nan da zai iya kai mutum hannun hukuma. Ya rubuta yadda yake gyara tafiyarsa da muryarsa kafin ya shiga aji. Na bi shafukan ɗaya bayan ɗaya ina neman sunan ɗalibi ko ɗaya. Babu.

Na san abin da addini ya ce kan wannan. Na kuma san abin da ya ce kan tona asirin da Allah ya rufa. Na ce mata Hausa ce, zancen gida ne, babu abin da ya shafi makaranta. Ta daɗe tana kallona kafin ta bar mini littafin.

Bayan la'asar na kai masa.

"Ɗana, wannan a gida ake barinsa."

"Baba, kun karanta?"

"Na wanke allo tun ba a haife ka ba."

Daga ranar ya daina cin abinci kusa da ni. Kullum zai gaishe ni yana duban fuskata, ko na faɗa wa wani. Ƙarshen zango aka sa masa hannu. Bai yi mini sallama ba, ni ma ban neme shi ba.