Fayil ɗin Malam Bala a Kwamfutar Bungudu

Masu karatu, ni ba mai saurin gaskata abin al'ajabi ba ne, amma wallahi wannan da ni ya faru.

A ƙarshen shekarun 1990, ina sabon kammala jami'a, wani ƙaramin kamfani a Gusau ya ɗauke ni aikin gwaji: in harhaɗa manhajar lissafin magunguna yadda za ta girku a ɗakunan shan magani na Gusau, Tsafe da Bungudu. Kowace kwamfuta da tsarinta, kuma manhajar ba ta tashi sai da wani fayil da ake sarrafa wa kowane tsari nasa. Na tsohuwar kwamfutar Bungudu, Malam Bala ne ya sarrafa shi, wanda ya koya mini aikin, ya kuma rasu kafin damina. Kwafi ɗaya ya rage, a faifan fulofi.

Gusau da Tsafe suka girku lafiya. Ranar Bungudu, direba ya ɗora jakata, da faifan a ciki, kan lasifikar motarsa, maganaɗisun lasifikar ya shafe faifan. Ga shi bayan azahar maigidana zai zo ya duba, a kan haka zai tabbatar da ni ko ya sallame ni.

Ina gumi na fara girkawa, ina jiran ta tsaya ta nemi fayil ɗin. Ba ta tsaya ba. Subhanallahi! Na bincika, sai ga shi a cikin kwamfutar, da kwanan watan ranar.

Hajiya Luba, mai kula da magunguna, ta yi dariya: “Malam, mi kake zare ido? Ai abokin aikinka ya riga ka, da hantsi.”

“Wane aboki, Hajiya?”

“Wani dogo, da tabarau an ɗaure ƙafa tai da zare. Ya ce in hwaɗa maka ka bar aje abu kwafi guda.”

Kullum faɗan da Malam Bala yake yi mini ke nan.

An tabbatar da ni. Na sha gaya wa kaina cewa agogon tsohuwar kwamfuta yana ƙarya, wataƙila tun Malam Bala yana raye ya saka fayil ɗin. To, tabaran fa? Da hannuna na ɗaure masa zaren nan.

Ku riƙa ajiye kwafi biyu, ku kuma riƙa yi wa waɗanda suka koya muku aiki addu'a. Allah Ya jiƙan Malam Bala.