Hanjin da Mamani Ya Gani Sau Biyu

Mamani ɗan Sallau mahauci ne a Dakoro, amma ba ya yanka. Aikinsa kayan ciki. Tun yana da shekara goma sha huɗu, in an feɗe dabba a kwata, gabansa ake turo daron tumbi da hanji. Sai ya sa kara ya juye hanjin, ya wanke shi ruwa uku, ya ɗaga shi wajen haske. Wannan ɗagawar ce ta yi masa suna. Yakan faɗi ko tunkiya ta ci leda, ko ruwan tafki take sha, ko ta daɗe tana zawo. In hanjin bai yi masa ba, kalma ɗaya yake faɗi: "Rami." Sai a kai shi ramin bayan kwata a binne. Shekara talatin da takwas yana haka, ko likitan dabbobi bai taɓa musa masa ba.

Da daminar 2018 nasa cikin ya juya. Zawo da jini da majina, sau takwas a yini, wata rana sau goma sha ɗaya. A asibiti aka ce atuni ne, ya sha maganin atuni har zagaye biyar. Masu saiwa suka ce basir ne. Kilo saba'in da ɗaya gare shi da farko, ya dawo hamsin da huɗu. Ya ja daronsa zuwa ƙarshen rumfa, inda ya fi kusa da bayi. Matarsa Safi ce ta matsa har majo, ma'aikacin jinyar asibitin, ya rubuta musu takarda zuwa Maraɗi, daga Maraɗi aka tura su Yamai, inda ake da na'urar leƙa hanji.

Ranar Talata, 15 ga Fabrairu 2022, ya kwanta a gadon gwaji, bayan ya shanye lita huɗu na ruwan wankin ciki. Lokotoron, wato likitan da zai duba shi, sunansa Attaher, ɗan makiyaya ne daga wajen Bader Gula. Da ya ji sana'ar Mamani sai ya yi dariya.

"Ashe kai ne ka ƙarar mana da garke, Baba. Yau ka shigo hannu."

"Ku kuke kawo mana su, ramammu, kuna rantsuwa lafiyarsu lau," in ji Mamani.

Aka kawo allurar barci, ya ƙi. "A duba hanji ina kwana? Juyo mini telen nan in gani."

Lokotoro ya nuna masa abin: siririyar tiyo mai laushi, da fitila da idon kyamara a bakinta, hoton na fitowa a telen da ke gefen gado. Aka zura. Mamani ya ɗaga kai ya dubi telen, ya daina jin ciwon da yake ji.

Ja ne wur, a kumbure. Babu sheƙin nan na hanji mai lafiya, babu jijiya ko ɗaya da ake gani. Inda tiyo ta ɗan goga, sai jini ya tsattsafo. Gyambuna ne jere, kowane da farin ruwa a kansa.

"Innalillahi. Lokotoro, wanga na wa ne?"

"Naka ne, Baba."

"Yanzu? Ina da rai?"

Attaher ya danna wani abu, hasken ya koma kore-kore, ƙananan jijiyoyin da suka rage suka fito a karkace. Ya fesa wani ruwa mai launin shuni, ruwan ya kwanta cikin kowace tsaga, bakin kowane gyambo ya fito sarai. Ya kusanto da hoton har wuri kamar ƙwayar gero ya cika telen. Mamani, da ya yi zaton idonsa ya gama sanin hanji, ya ga ramuka da bai taɓa sanin akwai su ba. Can sama, wajen kamu biyu, jan ya yanke kamar an ja layi, sauran fes. Lokotoro ya tsinko ƴan tsoka don a kai awo. Mamani bai kula ba. Bakinsa ya motsa da kansa.

"Rami," ya ce.

A ofis, Safi na gefensa, lokotoro ya yi bayani. Ga alama ciwon kumburin hanji ne mai daɗewa, jiki ne da kansa yake far wa bangon hanjin. Awo zai tabbatar ba tsutsa ba ce, ba tarin fuka na ciki ba. Ba ya fita gaba ɗaya, amma yana kwantawa in ana shan magani ba fashi. Ya miƙo ordinas, takardar magani. Mamani bai miƙa hannu ba.

"Safi, tashi mu kama mota. Gida zan tafi in sallami mutane."

Safi ta dafe ƙirji. "Baban Ramla, mi kake faɗi haka?"

"Ke ba ki gani ba, ni na gani. Dabbar da cikinta ya kai haka, wuƙa ake sa mata da wuri kafin ta zama mushe. Ba zan zauna ina haɗiyar ƙwaya a banza ba." Ya dubi Attaher. "Kai ka yi karatun lakkol, ban raina ba. Amma hanji, na riga ka."

"Ka riga ni," in ji lokotoro. "Nawa ka duba, a ƙiyasinka?"

Mamani ya lissafa: kamar takwas a yini, ban da ƙarin ranar kasuwa da Layya. "Sun haura dubu ɗari."

"Cikinsu, guda nawa ka gani sau biyu?"

Mamani ya bi shekarun nan ɗaya bayan ɗaya, daro bayan daro. Duk hanjin da ya taɓa ɗagawa wajen haske, mai shi ya riga ya mutu. Bai taɓa ganin abin da gyambo ke zama bayan wata ɗaya ba, ko shida.

"Ko ɗaya," ya ce a hankali.

Safi ta karɓi takardar ta ƙulle a bakin mayafi. "To wanga hanji dai ba a yanka mai shi ba tukuna."

Bai yarda don ya gamsu ba. Cewa ya yi zai sha na wata shida, ya dawo ya nuna wa ɗan makiyaya cewa ruɓaɓɓe ba ya gyaruwa. Awo ya fito bayan kwana goma sha biyu, ya tabbatar da maganar lokotoro. Ƙwaya safe da yamma, da wani maganin da ake sawa ta ƙasa. Safi ke ja wa kowace rana layi da gawayi a bangon ɗaki. A sati na biyar jinin ya tsaya. Mamani ya ce dabba ma takan yi kuzari dab da mutuwa.

Ranar Talata, 16 ga Agusta, ya sake kwantawa a gadon nan, ya sake ƙin allura. Tiyo ta shiga. Bangon ya yi fari-fari yana sheƙi, jijiyoyi sun bazu kamar saiwar gero. Inda gyambuna suke, fararen tabo ne a shafe. Can ƙasa kaɗai ja ya rage, faɗin yatsa uku.

"Wanga ba nawa ba ne. Hoton wani ka sa mini."

"Yi tari, Baba."

Ya yi tari. Hanjin da ke cikin telen ya girgiza. Mamani ya yi salati da ƙarfi har Safi ta jiyo daga waje.

"Fesa shunin," ya ce. Aka fesa. "Kusanto. Koma baya kaɗan." Ya daɗe yana kallo, hawaye na gangarowa cikin kunnensa.

"To, mai hukunci," in ji Attaher. "Rami?"

Mamani ya share fuska da bayan hannu. "A mai da shi garke."

Kilo sittin da uku ya auna ranar. Da ya koma Dakoro, ya ja daronsa ya mayar tsakiyar rumfa, inda haske ya fi.