Katunan Sallar da Na Ɓoye

Ni da yayata mun shekara goma sha wani abu muna yin katin Barka da Sallah da hannu. Ba sana'a ba ce, ba mu taɓa sayar da ko ɗaya ba. 'Yan uwa da ƙawaye muke ba wa, da malaman makarantar firamaren da nake koyarwa a cikin garin Daura.

Yaya ce ta kawo abin. Tana aikin buga takardu a wani shagon kwamfuta kusa da tasha, sai ta tarar da wani faifai cike da zane-zane, baƙin layi kawai a kan fari, babu launi. Furanni, fitila, jinjirin wata, hasumiyar masallaci, tsuntsaye iri-iri. Sai ta zaɓi wanda take so, ta rage girmansa ko ta ƙara, ta buga a takarda mai kauri, ta zo da shi gida. Lokacin ba a daɗe da fara Shari'a ba, kowa yana taka-tsantsan. Baba ya ɗaga takardar farko ya ga kurciya, ya ajiye, ya ce ban da mai rai a gidansa. Yaya ta yi ta magiya a kan kurciyar nan, bai saurare ta ba. Muka koma kan furanni da fitilu.

Launin ma namu ne na gida. Ruwan zoɓo ya ba mu ja, gangamau ya ba mu rawaya, bular wanki ta ba mu shuɗi, lalle kuma ruwan ƙasa. Ranar farko mun sha kunya, domin ruwan zoɓon yana taɓa takarda tawadar firinta ta narke, furen ya koma kamar an taka tumatir. Daga baya Yaya ta gano cewa idan aka yi wa zanen fotokwafi, layin ba ya narkewa ko an jiƙa shi. Ita ke sa launi da tsinke mai auduga a baki, ni kuma in yanka, in ninke, in rubuta gaisuwar a ciki. Hannuna ya fi nata kyau a rubutu, wannan ko ita ta yarda. Amma a wajen launi ban kama ƙafarta ba. Ba ta taɓa tsallake layi ba, ko da faɗin gashi, kuma takan yi mini tsiya da haka.

"Ke Auta, da ke za a ba wa tsinken nan, har tabarma sai ta sha zoɓo."

Da ta yi aure mijinta ya tafi da ita Damagaram, na ɗauka shi ke nan. Ita ta ƙi. Ta ce in riƙa zuwa shagon ina bugo zanen, in ba wa wani direba maƙwabcinmu da ke bin hanyar Kongolam, bakin iyaka, zuwa Damagaram, ita kuma ta sa launi ta maido kafin Sallah. Haka muka yi ta yi. Azumi na shiga ambulan zai tafi, kafin goman ƙarshe ya dawo yana ƙamshin turarenta. Nakan buɗe in fara sansana shi kafin in duba komai. Waya ta zo, kowa ya koma tura gaisuwa ta waya, mu ba mu daina ba. A waya Yaya ba ta da magana sai "lafiya lau", amma a katin ina ganin ta zauna ta ɓata mini yininta.

Wata shekara ambulan ya dawo, na buɗe na zazzage katunan. Ja ya fita daga fure ya hau gefen takarda. An yi wa ganye rawaya. Wata fitila rabinta kawai aka shafa. Guda ashirin da huɗu na aika, babu ko ɗaya da zan iya miƙa wa mutum.

Ni kuwa Allah Ya yi ni da zuciya a kusa. Ban tsaya na tambayi kaina komai ba. Na riga na yanke cewa ta samu sababbin ƙawaye da sabuwar rayuwa, aikinmu ya zame mata nauyi, ta ba wa 'ya'yanta sun yi wasa da shi. Na kira ta da azumi a bakina.

"Yaya, in kin gaji ki ce kin gaji mana. Ai ba dole."

Can ta ce, "Ba su yi kyau ba ko?"

"Ke ma kin sani."

"To, ki yi haƙuri, Auta."

Ita ke nan maganar. Na tattara katunan na cusa a ƙasan akwatin ƙarfe, ƙarƙashin zannuwa, don kada wani ya gani ya ce aikinmu ne. Shekarar ban ba wa kowa kati ba, shekara ta zagayo ban aika da zane ba. Ina jira ta tambaya, ba ta tambaya ba.

Direban ne ya fasa mini ƙwan, shi ma ba da niyya ba. Mun haɗu a ƙofar gida ya ce, "Ya mai jiki? Rannan na ga yayarki, 'yarta na riƙe da hannunta za su asibitin ido." Ashe hawan jinin ido ne ya daɗe yana cin ta, ta hana mijinta faɗa mana don kada hankalin Inna ya tashi. Katunan nan ita ta yi su da hannunta, ta kwana biyar a kansu a tsakar gida da rana tsaka, tana kai takardar har bakin hancinta. Tambayar da ta yi mini a waya ta gaske ce. Ba ta ga yadda suka fito ba.

Washegari na hau motar direban. Har muka wuce Kongolam ina shirya abin da zan faɗa, da na isa na gan ta zaune a bakin ƙofar ɗaki tana juya kai tana neman inda muryata take, komai ya gudu. Na durƙusa na yi ta kuka. Ita ce ma take ba ni haƙuri, tana dariya, wai yanzu mun zama ɗaya, ita ma tabarma na shan zoɓo a hannunta.

Da na dawo gida na nemi dabara. Na sa aka ƙara girman zanen, fure ɗaya ya cika takarda. Na jiƙa ƙaro, na bi layin da zare ina mannawa, yadda in ya bushe yatsa zai ji tudunsa. Na aika mata goma sha biyu. Ta kira ni tana murna kamar yarinya, ta ce tana jin furen a hannunta. 'Yarta ce ke gaya mata wane kofi ne ja, wane ne shuɗi. Katunan sun dawo da kyau, ba kamar na da ba, amma da kyau. Don farin ciki na rabar da su duka ranar Sallah, ban bar ko ɗaya ba. Na ɗauka wasu za su zo baɗi.

Yaya ta rasu kafin azumi ya zagayo.

Bayan arba'in na shiga neman aikin hannunta. Na bi gidajen da muka ba wa kati shekara da shekaru. Wasu sun tashi, wasu yara sun yaga, wasu gara ta cinye, wata ƙawata ma ba ta tuna an taɓa ba ta ba. Ban ga laifin kowa ba, takarda ce. Sai da na dawo gida na tuna da akwatin ƙarfe.

Suna nan, ashirin da huɗu, ba abin da ya taɓa su. Duk masu kyaun da ta yi sun tafi, waɗanda na ji kunyarsu na ɓoye su kaɗai suka rage mini. Yanzu duk azumi nakan fito da su in shimfiɗa a kan gado. Ina kewarta ƙwarai, ba na ɓoyewa. Nakan bi jan nan da yatsa har inda ya tsallake layi, domin a nan ne nake ganin inda hannunta ya bi yana neman furen. Turaren ya daɗe da fita daga ambulan ɗin, amma har yau sai na sansana kafin in buɗe.