Baba Isyaku ya cika a bakin kwalbatin da suka fasa

Labarin ya same ni da safiyar nan, ina tsaye bakin titi a Ungogo ina jiran adaidaita sahu zuwa makarantar da nake koyarwa. Nasiru ne ya kira, babban ɗansa. Ko sallama bai yi ba. Ya ce, "Malam, Baba ya cika."

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

Yanzu na dawo daga gida. Mun kai shi, mun rufe shi. Na so in yi shiru sai zuciyata ta huce, amma abin da idona ya gani yau ba zai bar ni ba. Wanda ransa zai ɓaci, ya ɓaci.

Ga waɗanda ba su san shi ba: Malam Isyaku tsohon malamin gona ne a garinmu, can bayan Bici. Bayan ya yi ritaya ya zama shugaban kwamitin hanya na garin, ni kuma sakatarensa. Kowa Baba yake ce masa, har waɗanda suka girme shi.

Shekarar da mahaifina ya rasu, dawarmu tana tsaye a gona, ni ina aji a kwaleji, ƙannena ƙanana. Baba bai tambayi kowa ba. Ya tara gayya, aka girbe, aka ɗaure, aka zuba a rumbu. Da na je godiya sai ya hau tambayata jarrabawa, kamar bai ji abin da na ce ba.

Da taki ya gagari talaka, shi ya riƙa bi gida-gida yana nuna wa mutane yadda za su haɗa na gargajiya ya ruɓe da kyau. Nasa kuwa yakan raba biyu, rabi ya tafi gonakin matan da mazajensu suka mutu.

Yana da wani tsohon babur mai hayaƙi. Ban taɓa ganinsa a kai shi kaɗai ba. Duk tsohuwar da ya tarar da kaya a ka, sai ya tsaya.

To, maganar hanya.

Tsakaninmu da kwalta akwai hanyar burji, kuma rafi ya ratsa ta. A kan rafin akwai wani tsohon kwalbati da iyayenmu suka gina da aikin gayya. Ba kyau gare shi ba, amma yana ɗaukar motar kaya, yana ɗaukar mai naƙuda zuwa asibiti.

Gab da zaɓe aka ce hanyarmu ta shiga kasafin kuɗi. Aka kafa allo, aka kawo makaɗa, Honarabul mai wakiltarmu ya zo da kansa ya riƙe shebur aka ɗauke shi hoto. Ba zan faɗi sunansa ba. Ya san kansa, ku ma 'yan garinmu kun san shi.

Ɗan kwangila ya zo ya kankare hanyar, ya fasa kwalbatin iyayenmu, wai zai yi mana na zamani. Ya jibge ƙasa da 'yan rodi a gefe. Ana gama zaɓe ya kwashe injinansa. Rodin ma daga baya aka zo aka kwashe.

Wato da ba su zo ba, da mun fi haka.

Ga shi man fetur ya yi tashin gwauron zabi. Ɗan acaɓa ba ya yarda ya shigo sai an lallashe shi. Da damina tumatur da barkono su ruɓe a kwando a wannan gefen, mai saye yana tsaye a wancan gefen yana kallo. Mutanen da suke noma abin da birni ke ci, su ne ba su da hanyar kai shi.

Baba ya bi ofisoshi har takalminsa ya cinye. Ni shaida ne, tare muke zuwa. A ce oga yana mitin. A ce oga ya tafi Abuja. A ce mu dawo bayan Sallah. Wani matashi da bai kai ɗansa ba ya taɓa barinsa a benci tun hantsi har la'asar, sannan ya fito ya wuce mu yana danna waya. Na harzuƙa zan bi shi, Baba ya riƙe hannun rigata ya ce in zauna, ba faɗa muka zo ba.

Sai kuma 'yan tifa. Da rani suna ɗibar yashi a rafin, su ratsa tsakiyar gari a guje, ta ƙofar firamare. Baba ya tara su da mai gari, aka yi magana ta fahimta: lokacin tashin yara babu tifar da za ta wuce. Muka yi tudun ƙasa a gicciye gaban makarantar don rage gudu. Direbobin da yawansu sun yarda, su ma suna da 'ya'ya. Mai motocin ne bai yarda ba, kuma surukin Honarabul ne. Ba a yi mako ba aka turo matasa da shebur suka baje tudun, aka ce wa ya ba mu izinin taɓa hanyar gwamnati.

Hanyar gwamnati. Ranar da ake nemanta a gyara ba ta da uba, ranar da muka kare yaranmu sai ga iyayenta sun fito.

Aka kira taron jin ra'ayin jama'a kan kasafin kuɗi. Baba ya sa farar rigarsa ta Juma'a. Muka tafi da Ayuba, mataimakinsa a kwamiti, wanda ke wakiltar 'yan'uwanmu Kiristoci na unguwar tsallaken gonaki. Shi da Baba tun suna yara suke kiwo tare.

Aka yi ta yabon Honarabul, mutum bayan mutum. Da aka zo kan Baba ya miƙe ya gaida manya ɗaya bayan ɗaya, sannan ya ce: "Ranka ya daɗe, ba sadaka muka zo nema ba. An ce an ware wa hanyarmu kuɗi. Muna so mu ji inda aikin ya tsaya, da ranar da zai tashi. In kuma ba za a yi ba, a mayar mana da kwalbatinmu yadda aka same shi."

Iyakar laifinsa ke nan.

Aka kashe lasifika. Yaran Honarabul suka hau ihu daga baya, wani ya fizge makirfon daga hannun dattijo mai furfura. Honarabul yana zaune yana murmushi, bai ce su bari ba. Washegari hoton Baba ya cika shafukansu na sada zumunta, wai tsoho mai neman suna, wai 'yan adawa ne suka saye shi. Mutumin da ko hular jam'iyya bai taɓa sawa ba.

Baba ya ga rubutun a wayar Nasiru. Nasiru ya gaya min ranar Baba bai ci tuwo ba.

Ganina da shi na ƙarshe Juma'ar da ta wuce ne, bayan an sauko daga masallaci. Na same shi a ƙofar gida kan tabarma, ƙafafunsa sun kumbura, hawan jinin ya matsa masa. Duk da haka da safen sai da ya taka ya je ya dubo inda ruwa ya ƙara cin gaɓar rafin. Na roƙe shi ya zo ya zauna wurina har damina ta wuce, kusa da asibiti. Ya yi dariya ya ce in shugaban kwamitin hanya ya gudu saboda hanya, ai an gama magana.

Ya sa aka ƙullo min ɗanyar gyaɗa in kai wa yara. Da zan tashi ya ce, "Ni na gaji, Malam. Amma kada ku bari mutane su saba. In suka saba, shi ke nan, ba wanda zai ƙara tambaya."

Yau da asuba aka tafka ruwa. Bayan salla ya yanke jiki ya faɗi a ƙofar masallaci. Aka kira mota daga bakin kwalta, ta zo ta tsaya a tsallake, don babu ta inda za ta bi. Aka cire ƙyauren ɗaki aka ɗora shi, maza suka ɗauka a kafaɗa suka shiga ruwa har ƙirji. Ayuba yana cikinsu, da shekarunsa. Sai da suka jira ruwan ya ɗan sassauta kafin su iya shiga. Da suka haura suka shimfiɗa shi a mota, direba bai ko tayar da ita ba. Baba ya riga ya cika.

Na san ajali ne. Kada kowa ya zo ƙarƙashin rubutun nan ya koya min tauhidi. Kwanansa ya ƙare, ko a gadon asibiti yake sai ya tafi. Amma ajali bai wanke wanda ya fasa kwalbati ya gudu ba, bai wanke wanda ya sa hannu aka biya shi ba. Wannan shari'a ce daban, kuma tana nan tana jira.

Yanzu ku ji abin da ya hana ni shiru.

Muna dawowa daga maƙabarta, ruwa ya janye, sai ga gireda da tifofi biyu cike da jar ƙasa suna zubawa a ramin. Mutane suka tsaya cirko-cirko. Ayuba ya je ya tambayi direban giredar ko kwangilar ce ta dawo. Direban, bawan Allah, bai ɓoye ba. Ya ce Honarabul ne zai zo ta'aziyya gobe da baƙi, an ce ya cike ramin ya baje daga kwalta zuwa ƙofar gidan makoki kawai, kada motoci su maƙale.

Ashe akwai injin. Ashe akwai mai. Ashe aikin yini guda ne a samu mota ta wuce.

Matasa suka ɗebo duwatsu. Ayuba ne ya shiga tsakani, rigarsa ba ta ma bushe ba. Ya ce, "Ku ajiye. Shi aiko shi aka yi. Da Isyaku yana nan ba zai bari a jefi direba ba." Suka ajiye, wasunsu suna kuka.

Ƙasar da suka zuba babu ko bututu a ƙarƙashinta. Ruwan farko da zai sauka zai tafi da ita. Su ma sun sani. Ta gobe ce kaɗai.

Kuma a shafin nan da ya kira shi sayayyen tsoho, yau an sa hotonsa an rubuta wai sun yi rashin uba, jagoran ci gaban al'umma. Hoton da suka zage shi da shi, shi suka sake sawa. Ba ku da kunya. Wallahi ba ku da kunya.

Honarabul, ƙofar gidan makoki a buɗe take ga kowa, ba mu da ikon hana ka. Ka zo ka zauna a tabarma ka yi addu'a. Amma ka bar masu kyamara a gida. Kada ka miƙe ka yi mana jawabi, kada ka ce za a sa wa hanyar sunansa. Yana raye ya yi maka tambaya a gaban jama'a, ka bari aka ƙwace makirfo. Tambayar tana nan, kuma gobe za ka ji ta daga bakin mutanen da suka ɗauko shi a kan ƙyaure.

'Yan kwamiti, da duk ɗan garinmu da ke birni: bayan addu'ar uku akwai zama a filin firamare. Ba jifa, ba zagi. Amma ba za mu daina zuwa ofisoshin nan ba, kuma wannan karon ba mutum biyu ko uku za su gani a benci ba.

Ya Allah, Ka jiƙan Malam Isyaku. Ka yafe masa kurakuransa, Ka yalwata masa kabarinsa, Ka sa wahalar da ya sha don mutane ta zama masa haske. Ka ba matarsa Inna da Nasiru da ƙannensa haƙuri. Ka ba Ayuba haƙuri. Waɗanda suka ci amanar garin nan, in masu shiryuwa ne Ka shirye su su gyara tun suna da rai. In ba masu shiryuwa ba ne, Ya Allah, Kai ne Ka san yadda za Ka yi da su.

Duk wanda ya karanta har nan, ko ba ka san shi ba, don Allah ka tsaya ka roƙa masa gafara kafin ka wuce. In za ka yi salla anjima, ka ambaci sunansa. Isyaku ne.